Gadon Ƙarfen Karmena a Lambun Wenzu

A duk unguwarmu ta St Albans babu wanda bai san motar Wenzu Zerafa ba. Tsohuwa ce shuɗiya, ƙofa ɗaya ja, domin daga jikin wata motar aka ciro ta, kuma kullum tana janye da 'yar amalanke a baya kamar akuya da ɗanta. Idan mata suka hango ta ta shawo kwana sai su ce da juna, "Ku kwashe shanyarku, ga mai duba gari nan." Wasa suke yi. Shekara arba'in da wani abu mutumin nan yana kwasar abin da mutane suka zubar, ba a taɓa cewa ga tsinken wani ya maƙale a hannunsa ba. Shi ma ya san haka, da shi yake tinƙaho, har ya gundure mu da faɗa.

"Ni abin da aka yar nake ɗauka," haka yake cewa, yana ɗaga yatsa sama kamar mai wa'azi. "Abin da yake da mai shi, ko allura ce, babu ruwana da shi."

A wani ƙauye na tsibirin Gozo, a ƙasar Malta, aka haife shi, inda dutse ya fi ƙasar noma yawa. Uwarsa kan warware tsohuwar rigar sanyi ta saƙa wata da zaren, gwangwanin kifi kuwa sai ya yi aikin kofi, ya yi na fitila, kafin a bar shi ya huta. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shigo jirgin ruwa zuwa ƙasar nan da akwati ɗaya na kwali, ya yi shekara talatin da ɗaya yana walda a wata masana'antar kayan noma, har ranar da aka rufe ta. In ka tambaye shi abin da ya fi ba shi mamaki a ƙasar nan, ba zai ce girmanta ba, ba zai ce Kirsimeti cikin zafi ba. Bolarta zai ce. Shekararsa ta farko, da makon fitar da tarkace ya zo, ya ga kowane gida ya jibge kujeru da tukwane da kekuna a kan ciyawar bakin titi yana jiran motar ƙaramar hukuma, sai ya zaci annoba ce ta faɗo wa garin. Da aka gaya masa ai kafin motar ta zo duk abin da ke kan ciyawa na kowa ne, sai ya zauna a bakin kwalbati don kada jiri ya kayar da shi.

Daga nan lambunsa ya samo asali, kuma bai taɓa cin masa ko sisi ba. Bahon wanka uku ne a jere, ɗaya na ganyen faski, ɗaya na albasa, ɗaya na na'ana'a don kada ta bazu ta cinye wurin. Gangar cikin injin wanki ita ce gidan itacen lemon tsami. Tsohon firji yana kwance rigingine, tsutsotsi na yi masa taki a ciki. Ƙofofin wardirop sun zama ɗakin zomaye, tagogin wani gida da aka rushe sun zama rumfar renon tumatir, inabi kuwa a kan bututun ruwa yake hawa. Har farin kwanon masai akwai, da jan fure a cikinsa, wanda matarsa Pawla ta yi shekara ashirin tana roƙon a matsar da shi daga inda baƙi ke zama. Da tsofaffin safar Pawla yake ɗaure tumatir, wani lokaci ma tun kafin su gama tsufa. Amma fa a faɗi gaskiya, tumatirinsa babu irinsa daga nan har unguwar Sunshine, kuma duk mai yi masa dariya ya taɓa fita daga gidan da jaka cike.

Abu ɗaya ne bai iya ba: a gan shi yana ɗauka. Da can bai damu ba. Sai wata rana 'yarsa Rita, tana aji biyu na sakandare, ta dawo gida ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Ashe a ƙofar gidan su wata 'yar ajinsu aka gan shi yana jan tsohuwar katifa don ya cire wayoyin cikinta, washegari kuwa duk makaranta aka ji. Rita kallonsa kawai ta yi. Tun daga ranar ya koma fita da sassafe, gari na wayewa, hula a jaye har gira. Ba ya kashe mota, ba ya kallon taga, ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Ya tsaya, ya ɗora, ya wuce. Rita ta girma, ta yi aure, har tana aiko 'ya'yanta ɗibar tumatir, amma shi bai bar wannan sauri na marar gaskiya ba. To saurin nan ne ya kai shi ya baro.

Wata Asabar ce cikin Oktoba, makon fitar da tarkace, wajen ƙarfe bakwai na safe. Ya shiga wani layi da bai cika bi ba, sai ya hango tarin kaya: karyayyar fanka, kafet a naɗe, talabijin mai ƙaton baya. Dab da tarin, jingine da sandar lantarki, ga gadon ƙarfe an kwance shi gida huɗu. Gefen kai da gefen ƙafa masu sanduna a tsaye, dogayen ƙarafan gefe biyu, da ƙwallon tagulla a kan kowace kusurwa. Irin ƙarfen da ba a yi yanzu. Wenzu ya dube shi bai ga gado ba, wake ya gani yana hawa. Minti uku bai cika ba ya ɗora ya ja mota.

"Wannan kuma gawar wa ka kwaso?" in ji Pawla, da ta leƙo ta tagar kicin.

"Uwar Rita, zo ki ga ƙarfe. Mutanen ƙasar nan ba su da hankali."

"Su ba su da hankali, kai ba ka da wuri. A kaina za ka kafa shi?"

Kafin azahar ya gama da shi. Ya haƙa rami ya dasa gefen kai da gefen ƙafa suna fuskantar juna, ya zuba musu ragowar siminti a gindi, ya ja waya tsakaninsu. Dogayen ƙarafan gefe ya sa musu zarto, kowanne gida uku, suka zama turakun tumatir. Ƙwallayen tagulla ya kwance su: biyu suka zama mariƙin ƙofar zomaye, ɗaya ya hau kan sandar da yake rataye hula, na huɗun kuwa, wanda ya fi alfahari da shi, ya huda masa ƙananan ramuka goma sha shida ya ɗaura a bakin tiyo, ya zama abin ban-ruwa mai feshi kamar yayyafi. Ya shuka wake mai hawa a gindin ƙarfen, ya zuba kashin kaji, ya koma gefe ya riƙe ƙugu yana kallon aikinsa.

Mako huɗu suka wuce. Wake ya fito, ya kama sanduna, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu.

Ran Lahadi suna zaune a coci, layi na huɗu inda suka saba, an gama sujada, Fada, limamin cocin, ya ɗauko takardar sanarwa. Ya faɗi ranar taron mata, ya faɗi wanda aka kwantar a asibiti. Sai ya gyara tabarau.

"Ta ƙarshe daga gidan Karmena Tabone take. Ranar Asabar ta makon tarkace, ɗanta Leli ya fito da gadonta na ƙarfe bakin titi, zai kai a yi masa fenti. Ya shiga ciki ɗauko makullin mota, ya tsaya ya kurɓi shayi, ya fito babu gado. Ba na zubarwa ba ne. Da shi iyayenta suka zo daga Gozo, a kansa aka haife ta, a kansa mahaifiyarta ta cika. Yana da ƙwallon tagulla huɗu. Wanda ya gani, ko ya ji labari, don Allah ya taimaka."

Wenzu ya gane gadon nan take. Bai juya ba, amma ya ji Pawla ta juyo. Sai ya ji yatsu biyu sun kama naman cinyarsa sun murɗa, a hankali, irin murɗar da ba ta gaggawa. Ya ƙura wa ƙeyar mutumin da ke gabansa ido har aka tashi.

Kowa ya san Karmena. Shekararta tamanin da biyu, gajeruwa, baƙaƙen kaya tun rasuwar mijinta, bakinta kuwa ya fi almakashi. Ita ta yi wa rabin matan unguwar nan ɗinkin aure, har da Rita. Wenzu ya san ta sarai, gidanta ne bai sani ba, domin shi ba ya kallon gida, ciyawa yake kallo. A ƙofar coci suka ji sauran labarin. Leli ya yi mako uku yana ɓoye wa uwarsa, yana cewa mai fenti ne ke jan rai, yana zagaya bola da shagunan tsofaffin kaya. Da gaskiya ta fito ya sayo mata sabon gado mai laushi, ta ce a fitar da shi, ita ba za ta kwanta a kan abin da bai san ta ba. A kujera take kwana.

Suna cikin mota a hanyar gida, har sun shiga layinsu.

"A kan ciyawa yake," in ji Wenzu.

"Uhm."

"Dab da tarin shara. A makon tarkace. Wane mai hankali ne zai ajiye kaya a kan ciyawa a makon tarkace?"

"Gaskiyarka, Sarkin Bola. Ni ma dai na gode Allah ban tsaya ɗaure takalmi a kan ciyawa ba ranar, da yanzu kabewa na hawa kaina."

"Laifin Leli ne."

"To je ka gaya masa."

Bai je ba. Ya shiga lambu ya tsaya gaban gadon. Da an ce yana nan yadda ya ɗauko shi, da abin da sauƙi: ya ɗora a amalanke, a yi dariya, a sha shayi. Amma ƙafafu na cikin siminti, ƙarafan gefe sun zama guntaye shida, ƙwallo ɗaya ya zama rariya. Ya za ka kai wa tsohuwa gadon da aka haife ta a kai a cikin buhu? Kuma me za a ce? Shekara arba'in yana ɗaga yatsa. Ya san waɗanda za su fi kowa jin daɗi, ya san su da sunayensu, wasu ma tumatirinsa na cikin firjinsu.

Sai ya yi abin da mai kunya ke yi, ya ce gobe. Ya ɗauko tsohon labule ya rataya ta gefen katangar maƙwabta, wai rana ta yi wa wake yawa. Ya cire abin ban-ruwan ya cusa a ƙarƙashin buhun taki. Ya ƙara wa waken ruwa safe da yamma don ya yi sauri ya rufe ƙarfen, waken kuwa kamar ya san sirri, ya yi ta hawa, ya yi ganye, ya yi fure, bai taɓa samun wake mai kyau irin na bana ba. Ko wannan ma haushi ya riƙa ba shi.

Ranar Laraba ya je kulob ɗin 'yan Malta wasan karta, don kada rashin zuwansa ya zama abin magana. Ai kuwa zancen da ake yi ke nan. Salvu, abokinsa tun a masana'anta, mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, yana raba karta yana zagi.

"Wanda ya ɗauki gadon nan ya ji sanarwa, wallahi ya ji. Yana nan cikinmu ya yi lamo. Tsohuwa na kwana a kujera, shi yana minshari." Sai ya hango Wenzu. "Yawwa, ga gwani ya iso! Kai mutumina, ka duba lambunka kuwa? Ko latas ka shuka a gadon Karmena?"

Aka fashe da dariya. Wenzu ma ya yi, irin dariyar da ke fita ta haƙora.

"Ku bar shi," in ji wani daga ƙarshen tebur. "Wenzu dai ko allura ce babu ruwansa. Ko ba haka kake cewa ba?"

"Haka ne," in ji Wenzu.

Kalma biyu ke nan, amma sun fi gadon nauyi. Kafin ya faɗe su kuskure ya yi. Bayan ya faɗe su kuwa, shi ma ya san sunan abin ya canja. Ya yi wasa biyu, ya zubar da karta mai kyau kamar makaho, ya ce kansa na ciwo ya tafi.

Pawla ba ta sake yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa. Abin da ta ɗauka shi ne kai wa Karmena miya duk bayan kwana biyu. Ta dafa, ta zuba a kwano, ta wuce ta gabansa. In ta dawo sai ta ba da labari, ba shi take gaya wa ba, tukunya take gaya wa.

"Ƙafafun nan sun kumbura, sun yi kamar burodi. Likita ya ce in ba ta miƙe ta kwanta ba za a kai ta asibiti." Ta ɗauraye cokali. "Ta ce in gaishe ka. Wai kai da kake yawon bola, don Allah ka riƙa duba mata."

Wenzu ya ajiye cokalinsa. Zomo ne aka dafa da tafarnuwa, abincin da ya fi so a duniya, ya ture kwanon gefe.

Kwana goma ya yi a haka. Na sha ɗaya da safe ya shigo kicin da dabara.

"Zan gyara shi. In haɗa, in shafa fenti, in kai da sassafe in jingine a ƙofarta. Ta samu gadonta, shi ke nan, babu wanda ya ji kunya."

Pawla ta dube shi sama da ƙasa. "Kai tsoho, a garin nan mutum nawa ne ke walda irin taka? Salvu kallo ɗaya zai yi. Kuma wa ya taɓa huda ƙwallon gado ya yi ban-ruwa da shi in ba kai ba? Ko sunanka ka rubuta bai kai wannan ba."

"To ya kike so in yi?"

"Ni ban ce ka yi komai ba. Ka ɗauka a ɓoye, ka mayar a ɓoye. Ɓarawo mai tausayi, ai shi ma wani abu ne. Sai dai ni zan ci gaba da kai miya ina kallon idonta, kai kuma ka ci gaba da ɗaga mana yatsa."

Ya fita lambu. Ta taga ta gan shi tsaye gaban waken, ya daɗe. Waken ya fara 'ya'ya, sirara kamar yatsun jariri, saura mako guda a fara tsinka. Sai ta ga ya sunkuya ya kama gindin na farko ya tumɓuke.

Kwana uku ya yi yana aiki. Ya fasa siminti da guduma a hankali don kada ƙafa ta karye. Ya zare turakun, tumatir suka zube ƙasa bai ko kalle su ba. Ya jawo injin waldarsa, wanda shi ma a bakin titi ya tsince shi, ya haɗa guntayen nan shida suka koma biyu. Idonsa yanzu ba kamar da ba, amma ya goge mahaɗin har sai ka shafa kafin ka ji. Sai dai abin da zarto ya ci ya ci, wurin daidaita bakin ƙarfe ma an rage, gadon ya gajarta da faɗin yatsu uku. Fenti kuwa, a karo na farko a rayuwarsa, ya shiga shago ya sayi sabo. Mai shagon da ya san shi ya tambaye shi ko lafiya.

Ran Lahadi ya saka kwat ɗin da ya sa a auren Rita. Bai fita da sassafe ba. Ya jira sai ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, lokacin da aka taso daga coci, titi cike da mutane. Ya ɗora gadon a tsaye a amalanke, bai rufe shi da komai ba, ƙwallayen tagulla na ƙyalli. Pawla ta shiga gaba ta zauna da jaka a cinya kamar mai zuwa biki. Ya bi ta gaban coci, ya bi ta gaban kulob. Salvu na tsaye a ƙofa da burodi a hannu, ya buɗe baki zai yi magana, ya ga abin da ke amalanke, bakin ya tsaya a buɗe. Wenzu bai kalli kowa ba. Kunnuwansa sun yi ja kamar tumatirinsa, gumi na bin wuyan kwat. Tafiyar minti shida ce, ya ce ta fi ta jirgin ruwa tsawo.

Leli ne ya buɗe ƙofa. Ya kalli amalanke, ya kalli Wenzu.

"Kawu Wenzu! A ina ka samo shi? Allah ya saka maka, a wace bola?"

Ga ƙofa a buɗe, an ma shimfiɗa masa hanya. Da ya ce a bolar Brooklyn, da ya zama gwarzon unguwa. Ya ji Pawla ta ja numfashi a bayansa.

"Ba samo shi na yi ba," in ji shi. "Ni na ɗauka."

Karmena na zaune a falo cikin kujerar, ƙafafu a kan matashi. Aka shigo da ƙarafan aka jingine a bango. Wenzu ya tsaya a tsakiyar ɗaki, hula a hannu, ya faɗi komai, bai rage ba: ciyawar, zarton, simintin, waken, da kwana goma sha huɗun da ya yi yana sane. Ba ta katse shi ba. Ba ta ce ya zauna ba.

"Matso min da gefen kai," ta ce da ɗanta.

Ta shafa sandunan ɗaya bayan ɗaya. A ta uku ta tsaya, inda wani ɗan lanƙwasa yake, ta riƙe wurin. Nan uwarta kan kama in ciwo ya taso mata. Leli ya juya baya yana gyara labulen da babu abin da ya same shi. Sannan ta share ido da gefen gyale ta ɗago.

"Kana zaune a coci aka yi sanarwa?"

"Ina zaune, Yaya Karmena."

"Layi na nawa?"

"Na huɗu."

"To ka ji da kyau ke nan." Ta juya ga Pawla. "Ke kuma da miyarki. Na ce miyar nan gishirinta ya yi yawa, ashe ta masu laifi ce." Pawla ta sunkuyar da kai, ita ma ta samu rabonta. Karmena ta kai hannu kan ƙwallon kusurwa, ta tsaya, ta matso da ido. "Wannan fa? Ƙwari ne suka ci tagulla?"

"Ban-ruwa na yi da shi," in ji Wenzu, muryarsa can ƙasa. "Zan nemo wani in sauya. Ko nawa ne."

"Ban-ruwa." Ta maimaita kalmar kamar tana ɗanɗana ta. "Uwata ta haye teku da shi, kai ka shayar da albasa. Kada ka sauya. Bar shi nan. Duk wanda ya shigo ɗakin nan zai tambaya, ni kuma Allah ya ba ni baki."

"Ya kuma gajarta kaɗan," in ji shi, don ya gama fitar da komai. "Yatsu uku."

"Ni ma na gajarta, ya fi yatsu uku. Ku haɗa min, bayana ya gaji. A'a, Leli, kai koma gefe, kai da ka bar shi a titi don shayi. Shi zai haɗa."

Ya durƙusa cikin kwat ɗin auren Rita ya ɗaure kowane ƙusa, tana daga kujera tana ba da umarni. Da aka ɗora katifa, ta ɗan yi tudu a ƙafa saboda gajartar, aka kama ta aka kwantar. Ta miƙe ƙafafu, ta lumshe ido. Suna lallaɓawa za su fita sai muryarta ta biyo su.

"Waken fa? Ya yi kyau?"

"Ban taɓa samun irinsa ba."

"Ina nawa?"

"Na tumɓuke shi."

"Sakarai. Da ka jira mako guda ka zo min da duka biyun."

Shekara huɗu ta ƙara a duniya, a kan gadon nan, kuma ta cika alkawari. Babu wanda ya shiga ɗakinta bai ji labarin ƙwallo mai ramuka goma sha shida ba: likita, Fada, mai gyaran famfo, matar da ke zuwa yi mata wanka. Kowane karo labarin na ƙara tsawo, har ta fara cewa in an yi zafi gadon na warin kashin kaji. A kulob an yi wata shida ana tambayar Wenzu ko yana da gadon haya. Ya shanye. Yatsan nan da yake ɗagawa bai sake ɗaga shi ba, maganar allura kuwa ta mutu a bakinsa.

Lambun na nan, bahon wanka uku, firji, har kwanon masai da jan furensa. Wake yanzu a kan tsohon tsani yake hawa. Makon tarkace kuwa bai daina fita ba, wannan sai dai mutuwa. Sai dai yanzu ƙarfe goma yake fita, rana tsaka, ya kashe mota, ya hau ƙofa ya ƙwanƙwasa, abin da ya yi shekara talatin yana gudu. Har yau in ya ɗaga hannu zai buga sai kunnuwan sun yi ja.

Bara ya tsaya a wani gida a layinmu, karyayyar kujera ce a waje, ƙafa uku, babu mazauni. Wata yarinya ta buɗe da jariri a kafaɗa.

"Sannu 'yata. Kujerar can ta zubarwa ce?"

Ta kalli kujerar, ta kalli tsohon da hula a hannu. "Baba, ai a kan ciyawa take."

"Na gani," in ji Wenzu. "Tambaya nake."